Sony a6000 ko Fujifilm X-T1: wacce ta dace da mai ɗaukar hoton biki a Zangon Kumasi?

“Assalamu alaikum Baba. Ni mazauniyar Aboabo ce a nan Kumasi. Kusan shekara biyu ke nan ina ɗaukar hoton biki da suna da wayata, musamman ɓangaren mata inda ba a son maza su shiga, kuma yanzu har an fara biyana. Na tara ’yan kuɗi ina son sayen kyamara. Wani mai shago a Adum ya nuna mini guda biyu, duka na hannu ne: Sony a6000 da ƙaramin lensinta 16-50, da Fujifilm X-T1 da lensi 18-55. Kuɗinsu ya yi kusa da juna, sai dai Fujin ta ɗan ɗara. Ina kuma ɗaukar gajeren bidiyo na amare, da hoton ɗinkin yayata da take tallatawa a WhatsApp. Don Allah wacce zan ɗauka? Kuma ba su tsufa da yawa ba?”

Wa’alaikumus salam ’yata, Allah ya yi wa sana’a albarka. Na ji daɗin yadda kika faɗi irin aikin da kike yi da wurin da kike yin sa, domin mafi yawan masu yi mini wannan tambaya sunan kyamara kawai suke kawowa, alhali kyamarar da ta dace da mai ɗaukar hoton ƙwallo a filin Baba Yara ba lallai ta dace da mai shiga ɗakin amarya ba. Idan na fahimce ki, abu biyu kike son sani: ko kyamarar da ta haura shekara goma za ta iya aikin da za a biya ki a kansa, sannan a cikin biyun nan wacce ta fi dacewa da ɗakunan Zango, da rumfunan biki, da ɗan bidiyo. Zan ƙara miki na uku wanda ba ki tambaya ba, kuma a wurina shi ne ya fi nauyi, wato abin da zai rage a hannunki bayan kin biya kuɗin kyamarar. Na riƙe X-T1 shekaru ina aiki da ita, a6000 kuma ita ce a hannun yaron da nake koya wa aiki, kuma ni nake gyara hotunan da yake kawowa, don haka abin da zan faɗa daga aiki ya fito. Tun yanzu zan gaya miki cewa ra’ayina ya karkata ga Sony, amma da sharaɗi, kuma akwai halin da zan ce ki bar ta ki ɗauki Fujin.

Batun tsufa

Sa’annin juna ne. An fito da X-T1 a watan Janairu na 2014, a6000 kuma a Fabrairu na wannan shekarar. Dukansu marasa madubi ne, ma’ana babu madubin nan da ke cikin manyan kyamarori na da wanda yake karkatar da haske zuwa idon mai ɗauka. Haske yana faɗawa kai tsaye a kan sensa, wato ɗan farantin da ke cikin kyamara mai karɓar haske ya mayar da shi hoto, abin da kike gani a tagar leƙe kuma ɗan ƙaramin allo ne da ke nuna miki hoton kusan yadda zai fito. Ga mai tasowa daga waya wannan babban sauƙi ne, domin idan hoton zai yi duhu za ki gani tun kafin ki danna. Girman sensarsu ɗaya ne, wanda ake kira APS-C, kimanin milimita 23.5 a 15.6, kuma ya ninka na waya sau da yawa. Wannan girman shi ne dalilin da ya sa fuskar amarya take fitowa da laushi da zurfi a kyamara, ba kamar hoton waya ba wanda manhaja take shafewa har fata ta koma kamar roba.

Inda tsufansu ya bayyana shi ne babu wadda take ɗaukar bidiyon 4K, wato mai tsananin tsabta irin na sababbin kyamarori, babu wadda allonta yake amsa taɓawar yatsa, babu kuma wadda take da abin rage girgizar hannu a cikin jikinta, sai dai a cikin lensi. Waɗannan abubuwa ne masu sauƙaƙa aiki, amma rashinsu bai hana hoto yin kyau ba. Hotunan da aka ɗauka da su a 2014 aka rataye a falo ba su lalace ba don an fito da sababbi. Abin tsoro a tsohuwar kyamara shi ne wahalar da ta sha a hannun masu ita na baya, kuma zan zo kan yadda ake gane wannan.

Mai shago zai iya ce miki Sony megafiksel 24 ce, Fuji kuwa 16, don haka Sony ta fi. Lissafin gaskiya ne, amma kada ki ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Hoton Sony 6000 a 4000 ne, na Fuji 4896 a 3264, kuma kowanne ya isa a wanke shi babba a sa a firam. WhatsApp kuwa matse hoto yake yi har bambancin ya ɓace, sai fa idan an tura shi a matsayin fayil. Amfanin 24 ɗin na gaske shi ne idan kin ɗauki taron mata daga nesa kina son ki yanko fuskar uwar amarya ita kaɗai, za ki samu abin da ya rage mai yawa.

Ɗakin amarya

A nan ne aikinki yake, kuma a nan ne ya kamata ki auna komai. Kin san ɗakunanmu na Aboabo da Asawase da Sawaba: ƙaramin ɗaki, taga ɗaya da aka rufe da labule mai kauri, ƙwan lantarki ɗaya a sama, bango shuɗi ko kore, ga mata goma sha wani abu a ciki, ana ƙunshi, ana kwalliya, babu wadda ta tsaya cak. Suna kuma da sassafe ake yi, kafin rana ta yi ƙarfi. A irin wannan wuri lensi ne yake yanke hukunci fiye da jikin kyamara, domin shi ne ƙofar da haske yake shigowa.

Lambar da ake rubutawa da f a jikin lensi ita ce take nuna faɗin wannan ƙofa, kuma duk ƙanƙantar lambar, haske ya fi shiga. Lensin Sony da aka nuna miki f/3.5-5.6 ne. Na Fuji, idan XF 18-55 ne, f/2.8-4 ne. Idan kika zuƙo su duka zuwa ƙarshe don ɗaukar fuska, na Fuji yana shigar da haske ninki biyu na na Sony, kuma an fi ƙera shi da kyau, jikinsa ƙarfe ne, hotonsa ya fi kaifi har gefe-gefe. Maganar gaskiya, idan aka ce daga yau har shekara biyu ba za ki ƙara sayen komai ba, to kayan Fujin sun fi, kuma ɗan ƙarin kuɗin da aka ɗora musu bai kai darajar wannan lensi ba. Lensin Sony 16-50 na roba ne, mota ce take fito da shi idan an kunna ta kuma mayar da shi idan an kashe, kuma ba ya son bugu. Namu ya taɓa bugar ƙofar ƙarfe yana a waje, a tsakiyar biki, daga nan ya ƙi komawa ya ƙi fita, kyamarar ta ce ba ta gane lensi ba, muka ƙarasa ranar da kyamara ɗaya. Abin da yake da shi na alheri shi ne yana farawa daga 16, wanda ya fi 18 faɗi, kuma a ɗakin da bayanki yake manne da bango wannan ɗan bambanci yakan sa mutum biyu su ƙara shiga hoto.

To me ya sa duk da haka na karkata ga Sony? Domin babu ɗaya daga cikin lensin nan biyu da zai ishe ki a ɗaki mai duhu. Ko ba daɗe ko ba jima za ki nemi lensi mai faɗin ƙofa wanda ba ya zuƙowa, da kuma filasha ta ɗorawa a sama. Lensi mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6, kuma da zarar kin ɗaura irinsa, fifikon da Fujin take da shi a kan lensin farko ya kau, sai a koma kan abubuwan da Sony ta fi ƙarfi. Ga a6000 akwai Sony 35mm f/1.8 da 50mm f/1.8, dukansu da abin rage girgiza a ciki, akwai kuma Sigma 30mm f/1.4 wanda ba shi da shi amma kaifinsa ya kai a yaba. A ɗakunanmu 30 ko 35 ya fi 50 amfani, domin 50 yana buƙatar ki ja da baya kuma babu wurin ja. Fuji ma tana da nata masu kyau ƙwarai, irin su XF 35mm f/2 da ƙaninsa mai araha XC 35mm f/2, kuma kamfanin Viltrox yana yi wa kowanne ɓangare lensi. Bambancin yana wajen samu. A abin da nake gani a Adum da kuma idan na sauka Accra wajen Circle, kayan Sony na hannu sun fi yawa nesa ba kusa ba, masu riƙe da Sony a cikin abokan sana’a sun fi yawa, don haka ranar da lensinki ya samu matsala ana gobe biki, za ki samu wanda zai ara miki ko ya ba ki haya. Mai Fuji a Kumasi sau da yawa sai ya jira ɗan’uwa mai dawowa daga Ingila ko Jamus.

Filasha kuwa, a6000 tana da ’yar ƙarama a jikinta wadda ake iya danne ta baya da yatsa ta haska rufi, dabarar da take ceto a ƙaramin ɗaki mai farin silin. X-T1 ba ta da ta jiki, an dai sayar da ita da wata ’yar ƙarama mai suna EF-X8 da ake ɗorawa, kuma yawancin na hannu sun rabu da tasu, don haka ki tambaya. Duk wadda kika ɗauka, ki sa a ranki za ki sayi filasha mai juya kai, irin Godox TT350, kuma ki kula da harafin ƙarshe, S na Sony ne, F na Fuji. Idan za ki haska, ki juya kanta zuwa farin rufi, kada ki juya ta ga bango mai launi, domin shuɗin bangon zai dawo ya zauna a fuskar amarya.

Kama motsi

Wannan shi ne babban abin da a6000 ta yi suna a kansa. Tana da ɗigon kama fokas 179 masu sauri, wato wuraren da take auna mutum don ya fito da kaifi, a baje kusan ko’ina a faɗin hoton, kuma tana ɗaukar hoto har 11 a daƙiƙa ɗaya tana bin mai motsi. X-T1 tana ɗaukar 8, masu saurin nata kuma a tsakiya kawai suke. Fujifilm ta inganta ta sosai da sabunta manhajar cikinta, musamman ta 4.0 da ta fito a 2015, wadda ta kawo bin motsi da gane ido, amma ko bayan haka ba ta kamo Sony ba. A aikace ga yadda abin yake: an fito da amarya ana rangaɗa guɗa, ƙawaye suna tafe suna rawa, ana liƙi, kina tafiya da baya kina ɗauka. A irin wannan lokacin hotunan da yarona yake kawowa da a6000 masu kaifi sun fi nawa yawa, duk da na fi shi daɗewa a sana’a. Ni na saba da X-T1, na san inda zan tsaya in jira mutum ya shigo inda na saita, amma wannan sabo ne na shekaru, ke kuma kina buƙatar kyamarar da za ta taimake ki tun daga bikin farko. Sai dai ki sani, idan duhu ya yi yawa dukansu biyu sukan yi ta laluben fokas, gaba da baya, kuma maganin wannan shi ne lensi mai faɗin ƙofa ko ki buɗe labulen taga.

Akwai wani abu da Fujin take da shi wanda nake jin daɗinsa: tun daga manhaja ta 3.0 ana iya sa ta ɗauki hoto shiru, babu ko ƙas. Wajen addu’a, ko lokacin da malamai suke raɗa wa jariri suna, wannan ladabi ne mai kyau. Sony a6000 ba ta da shi, kowane hoto sai an ji ƙararsa. Amma ɗaukar shiru a ƙarƙashin wasu ƙwayayen lantarki takan jawo layi-layi a hoto, don haka a cikin ɗaki ba kullum take amfani ba.

Launi da fatarmu

A nan zuciyata tana tare da Fuji, kuma ba zan ɓoye ba. Hoton da yake fitowa daga X-T1 kai tsaye, musamman idan an sa ta a Astia ko Pro Neg, wato salon launin da ake zaɓa a cikinta, yana ba fatar baƙin mutum ɗumi da kyau, jan lalle ya fito ja, zinariyar leshi ta fito ba tare da ta yi ƙyalli mai kashe ido ba. Sau da yawa nakan tura wa masu biki hoton Fuji ban taɓa shi ba. Hoton a6000 a hasken rana ba shi da laifi, amma a ƙarƙashin fararen ƙwayayen nan masu araha na lura yakan ja fata zuwa kore-kore ko rawaya, sai an gyara. Gyaran ba wuya ba ne: ki riƙa tafiya da farar takarda, idan kin shiga ɗaki ki nuna wa kyamarar ita ki saita mata cewa wannan shi ne fari a wannan ɗakin, aikin minti ɗaya ne. Haka za ki yi a ƙarƙashin kanofi mai ja ko shuɗi, wanda yake rina fuskar duk wanda ya zauna a ciki, kuma wannan babu kyamarar da ta tsira daga gare shi. Ga ɗinkin yayarki ma saita farin nan wajibi ne, domin mai saye ba za ta yafe ba idan ta ga atamfa ruwan toka a hoto aka kawo mata mai ruwan ƙasa.

Wani abin lura shi ne fararen kaya. Idan amarya ko alhazai suka sha farar shadda, kyamara takan ɗauka haske ya yi yawa sai ta rage, fuska ta yi duhu. Dole ki koyi ƙara haske da hannunki. A X-T1 akwai abin murɗawa na musamman a sama don wannan, kamar yadda ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, da saurin ɗauka, wato tsawon lokacin da haske yake shiga a hoto ɗaya, kowanne yake da nasa da lambobi a rubuce, kuma ban san kyamarar da ta fi ta koya wa mutum sana’a ba. Tagar leƙenta ma ta fi girma da tsabta, ɗigo miliyan 2.36 a kan miliyan 1.44 na Sony, bambancin da za ki gani da zarar kin kai ido. A a6000 abubuwa da yawa suna ɓoye cikin jerin zaɓuɓɓuka masu rikitarwa, amma idan kika zauna yini guda kika jera waɗanda kike buƙata a maɓallin Fn, kin huta.

Bidiyo

Tunda kin ce kina ɗaukar bidiyon amare, wannan ya ƙara nauyi a ɓangaren Sony. Dukansu suna ɗaukar bidiyo mai girman 1080, wanda yake ƙasa da 4K, amma na a6000 ya fi tsabta, fokas ɗinta kuma yana bin mutum a hankali ba tare da yawan kai-komo ba. Bidiyon X-T1 shi ne mafi raunin abin da take yi, kuma a kan yadi mai ƙananan zane, irin leshi da kente, yakan fito da wani walƙiya mai launi-launi da babu shi a jikin yadin. Tana kuma tsayawa bayan kimanin minti 14, Sony kuwa takan kai kusan 29, ko da yake a zafin rana takan yi zafi ta nemi hutu kafin nan. Aibin a6000 shi ne ba ta da ramin sa makirfo na yau da kullum, X-T1 kuwa tana da shi, ƙarami mai milimita 2.5. Ga gajeren bidiyon da za a ɗora wa waƙa wannan ba matsala ba ce. Idan kuma jawabi ne ko wa’azi, ki ajiye waya kusa da mai magana ta naɗi murya, ki haɗa daga baya. Ni mai hoto ne fiye da mai bidiyo, don haka idan wata rana bidiyo ya zama rabin aikinki, ki nemi shawarar masu yin sa kullum, kuma ina kyautata zaton za su ce ki wuce waɗannan biyun gaba ɗaya.

Ga wani abu da mutane ba sa dubawa. Wutar Ghana mai bugu 50 ce a daƙiƙa, ta Amurka 60. Sony ɗin da aka sayar a Turai tana da wurin sauyawa tsakanin PAL, tsarin bidiyo na wuta mai bugu 50, da NTSC na mai bugu 60, wadda aka sayar a Amurka kuwa ba ta da shi, kuma bidiyonta yakan riƙa ƙyafta a ƙarƙashin wutarmu sai an tsayar da saurin ɗauka a 1/50 ko 1/100. Wadda aka yi wa kasuwar Japan kuma rubutun cikinta Japananci ne kawai. Ki buɗe ki gani da idonki.

Ruwa, ƙura da ɗauke wuta

An yi X-T1 da kariyar ruwa da ƙura, a6000 babu. Mai shago zai yi miki tallan wannan, kuma a garin da ake ruwa daga Afrilu zuwa Yuli, a sake wani a Satumba da Oktoba, sannan hunturu ya zo da ƙurarsa, abin yana da daɗin ji. Sai dai kariyar ba ta cika sai lensin ma yana da ita, wato mai alamar WR, kuma XF 18-55 ba shi da ita. Robobin da suke toshe kafofin ma sun shekara goma suna shan zafi. Kowacce kika saya, ki ɗauke ta a matsayin mai tsoron ruwa. Abokin gabarmu na gaske a Kumasi laima ce, wadda take haifar da fumfuna a cikin gilashin lensi, kamar saƙar gizo-gizo, kuma idan ta daɗe takan ci gilashin. Na yi asarar lensi guda ta haka, domin na bar shi cikin jakar fata a ƙasan gado damina guda. Ki nemi robar abinci mai murfi mai kamawa, ki zuba ƙullin ƙwayoyin nan masu shan laima da ake samu cikin kwalin takalmi ko a saya, ki riƙa ajiye kayan a ciki. Da hunturu kuma kada ki cire lensi a waje, domin a kyamara marar madubi sensa a buɗe take da zarar an cire shi.

Batir kuwa, dukansu ba sa jimawa, kimanin hoto 350 a caji ɗaya idan batirin sabo ne, wanda za a ba ki kuma ba sabo ba ne. Biki ɗaya yana cin uku. Na Sony NP-FW50 ne, na Fuji NP-W126, na Sony kuma ya fi sauƙin samu a nan domin kyamarorinsu da yawa shi suke amfani da shi. Sannan a6000 tana caji ta igiyar USB irin ta tsofaffin wayoyi idan an kashe ta, don haka ranar da aka ɗauke wuta fawa bank ɗinki zai tashe ta. X-T1 sai an cire batir an sa a caja.

Kafin ki miƙa kuɗi

Duk abin da na faɗa a kan irin kyamarorin ne, waɗancan biyun da ke cikin gilashin mai shago kuwa ban riƙe su ba, kuma lafiyayyar Fuji ta fi Sony mai ciwo sau dubu. Ki je da rana, da katin memori naki, kuma ki ce a ba ki rabin awa. Mai kayan kirki ba ya jin haushin a duba. Ki cire lensi ki haska fitilar waya ta bayansa ki leƙa ta gaba: ’yar ƙura ba komai ba ce, amma zare-zare ko hazo fumfuna ce, ki ajiye. Ki mayar da lambar f zuwa 16 ko 22 ki ɗauki farin bango ko sararin sama, ki zuƙo hoton ki duba. Ɗigo-ɗigo ƙura ce da ake sharewa, dogon layi kuwa yana iya zama ƙarzuwa a kan sensa, wannan kuma ba ya gyaruwa da araha. Ki murɗa kowane abin murɗawa ki ga lambobi suna bi ɗaya bayan ɗaya ba tsalle, ki danna kowane maɓalli, ki ɗauki hotuna a jere, ki ɗauki bidiyo na minti biyar ki ga ko za ta mutu. Ki leƙa ramin batir da kan ƙananan sukurori, idan akwai tsatsa ko fari-fari ta sha ruwa. A Sony ki kunna ki kashe sau da yawa ki ga lensin yana fita yana komawa ba gargada, ki gwada cajin USB, kuma ana iya gano adadin hotunan da ta taɓa ɗauka ta hanyar ɗora hoto ɗaya da ba a taɓa ba a shafukan intanet masu karanta wannan. A X-T1 an san robar jikinta da ɓarewa, murfin gefe kuma da kumbura. Wannan ba ya hana aiki, amma dalili ne na neman ragi. Ki tabbata kuma lensin XF 18-55 f/2.8-4 ne da gaske, domin akwai XC 16-50 mai araha da ake haɗawa da ita, kuma idan shi ne, babban dalilin ɗaukar Fujin ya tafi. Ki nemi rasit mai lambar jikin kyamara da ta lensi, da alkawarin kwanakin da za ki iya mayarwa, a rubuce.

Ga inda na tsaya, ’yata. Idan duka biyun lafiyayyu ne, kuma bayan sayen Sony za ki iya haɗa kuɗin batir biyu da filasha yanzu, da lensi 30 ko 35 cikin ’yan watanni daga kuɗin aiki, ki ɗauki a6000, domin aikinki motsi ne da bidiyo da bukin da ba a maimaitawa, kuma kina zaune a garin da kayanta suke kusa. Idan kuwa kuɗin da ke hannunki shi ke nan, ba ki hango wani ba nan kusa, ko kuma kin ga hoton ɗinki da na mutum a tsaye zai fi yawa a aikinki, to X-T1 da XF 18-55 mai tsabtar gilashi za ta ba ki hoto mafi kyau tun ranar farko, sai ki bar wa wayarki bidiyo. Kowacce kika kawo gida, ki ƙara da ɗan abin karanta kati mai shiga waya don tura hotuna a wurin biki, kuma kada aikin kuɗi ya zama gwajinki na farko. Ki fara da sunan ’yan’uwa biyu ko uku, wayar tana cikin jaka ko da wani abu zai faru, sannan ki turo mini hotunan a matsayin fayil in duba miki saitin.